Kwamfuta Haɗin Gida: Ƙarfe Ba Ya Motsi Sai Da Tafinta

Ran Talata 14 ga watan Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, watau babbar manhajar nan da ya fitar cikin watan Yuli na 2015, wadda ta shekara goma cur tana juya ɗaruruwan miliyoyin kwamfutoci a ofisoshi da makarantu da shaguna ko'ina cikin duniya. Ba wai kwamfutocin sun mutu ran nan ba ne. Duk wanda ya kunna tasa washegari ya tarar da ita yadda ya bar ta. Abin da ya auku shi ne, mai gadin da ya saba zagayowa kowane wata yana toshe kafofin da ɓarayi ke bi ya jingine sandarsa, in ban da ga waɗanda suka yi rajistar ƙarin wa'adin shekara guda da kamfanin ya bayar, zuwa watan Oktoba na 2026.

Wannan al'amari ya shafi Nijeriya ƙwarai da gaske, domin kuwa ɗimbin kwamfutocin da jama'a ke neman abinci da su a ƙasar nan ba sababbi ba ne fil a kwali. Waɗansu 'yan gwanjo ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka, waɗansu kuwa haɗin gida ne, watau an sayi kayan ciki ɗai-ɗai a kasuwar Otigba ta Ikeja wadda aka fi sani da Computer Village, ko a Banex ta Abuja, ko a titin Beirut na Kano, sa'an nan aka zauna da sukundireba aka harhaɗa. Masu tace fina-finai, da masu zanen gine-gine, da masu shagunan buga takardu a bakin sakatariya da ƙofofin jami'o'i, da yawansu sun gwammace haɗin gida, saboda mutum shi ke zaɓen abin da aikinsa ke bukata gwargwadon ƙarfin aljihunsa, in wani abu ya lalace kuma sai ya cire shi kaɗai ya sake. To, amma mai kwamfuta haɗin gida ba shi da kamfanin da zai kai wa kuka, don shi ne kamfanin. Ran da aka ce a sake babbar manhaja, aikin a wuyansa yake.

Haɗa ƙarafan shi ne ɓangare mai sauƙi, ko da yake shi ya fi ba baƙo tsoro. Akwai babban allo da 'yan kasuwa ke kira madabod, wanda komai ke hawa kansa. Akwai furosesa, ƙwaƙwalwar da ke lissafi. Akwai ram, inda ake baje aikin da ake cikin yi. Akwai faifan ajiya. Akwai akwatin da ke rarraba wuta. Ga mai aikin hoto kuma akwai katin hoto, wanda sau da yawa shi ya fi komai tsada. Maƙera sun yi wa kowane soket kamanninsa dabam, har ya zama da wuya mutum ya cusa abu inda ba gurbinsa ba sai in da ƙarfin tsiya. Yaro mai natsuwa zai iya gama wannan tsakanin azahar da magariba. Amma in ya danna maɓalli, fanka ta juya, fitilu suka kama, abin da zai gani shi ne allo baƙi wuluk da ɗan layin rubutu guda mai cewa ba a sami abin da za a tashi da shi ba. Gangar jiki ta kammala, saura abin da zai motsa ta.

ASALIN ABIN

Wannan sana'a ta girmi yawancin masu yin ta a yau. Cikin watan Janairu na 1975 mujallar Popular Electronics ta Amurka ta buga hoton wata na'ura a bangonta mai suna Altair 8800, wadda wani ƙaramin kamfani na jihar New Mexico ke sayarwa a warwatse cikin kwali a kan kuɗi wajen dala 400, mai saye ya haɗa da kansa da dalma. Ba ta da allon rubutu, ba ta da allon kallo, sai 'yan maɓallai da fitilu a gaba. Domin wannan na'ura ce waɗansu samari biyu, Bill Gates da Paul Allen, suka rubuta manhajar da ta zama hajar Microsoft ta farko, suka kuma kafa kamfanin a wannan shekara.

Matsalar da ta ɓullo tun a lokacin ita ce har yau ake fama da ita. Kowane maƙeri da irin kayansa, manhajar da aka rubuta domin na'urar wane ba ta aiki a ta wane. Wani masani mai suna Gary Kildall, wanda ya rubuta babbar manhajar CP/M, shi ya yi dabarar raba abin gida biyu wajen 1975: ɓangare guda wanda bai damu da irin ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ba, da wani ɗan ƙarami da za a riƙa sakewa gwargwadon ƙarfen, ya raɗa masa suna BIOS. Sunan nan har yanzu bai fita daga bakin masu gyara ba, ko da yake abin da ke cikin allunan zamani magajinsa ne mai suna UEFI. Da kamfanin IBM ya fito da tasa kwamfutar ta kan tebur ran 12 ga Agusta, 1981, sai ya haɗa ta da kayan da kowa ke iya saye a kasuwa, furosesa daga Intel, babbar manhaja daga Microsoft, ya kuma buga littafin da ya fayyace yadda cikinta yake. Kafin a ankara waɗansu kamfanoni irin su Compaq sun ƙera masu kama da ita, daga 1984 kuma kamfanin Phoenix ya shiga sayar wa duk mai so BIOS mai jituwa da na IBM. Teburin mai haɗi a Otigba jikan wannan shawara ne.

Sai dai tun da kayan ciki daga ɗaruruwan kamfanoni suke fitowa, na Taiwan da Sin da Koriya da Amurka, tilas a sami mai shiga tsakani. Babbar manhaja, ko Windows ce ko Linux, aikinta kamar na sarkin tasha ne: ita ke faɗin wane aiki zai shiga layi, wane zai jira, nawa kowa zai samu na ram, ina za a ajiye wace takarda. Amma sarkin tashar nan harshe guda yake ji, alhali kuwa katin hoto da yarensa, na'urar sauti da nata, firinta da nata. Ɗan ƙaramin shirin da ke tsayawa tsakaninsu shi ne masu sana'ar ke kira direba. Sunan yana ruɗin mutane, don ba tuƙi yake yi ba, tafinta ne. Babbar manhaja ta ce a buga wannan shafi, shi kuwa ya mayar da maganar zuwa umarnin da wannan firintar, ita kaɗai, ke ganewa. In babu shi, komai tsadar firinta ita da akwatin banza duk ɗaya ne.

SHARAƊIN WINDOWS 11

Magajiyar Windows 10 ita ce Windows 11, wadda ta fito ran 5 ga Oktoba, 2021, ta kuma zo da sharuɗɗan da ba a saba gani ba. Neman ram na gigabait 4 da faifai mai gigabait 64 bai dami kowa ba. Abu biyu ne suka ta da ƙura. Na farko, furosesa ta kasance daga tsara ta takwas ta Intel zuwa sama, watau waɗanda suka fara fitowa a 2017, ko kuwa daga Ryzen 2000 na kamfanin AMD, na 2018. Na biyu, a sami wani abu mai suna TPM 2.0, wata 'yar ma'ajiya ce da ke riƙe makullan sirri, ta yadda in an kulle faifai ɓarawon da ya zare shi ba zai iya karanta abin da ke ciki ba.

A nan ne mutum ke iya yin hasarar kuɗi a banza. Kwamfuta takan ce ba ta cika sharaɗi ba, mai ita ya ruga kasuwa neman sabon madabod, alhali TPM ɗin yana nan tare da furosesarsa, a kashe kawai yake, don maƙeran alluna sun daɗe suna sayar da su a haka. Abin da ake bukata shi ne a shiga BIOS sa'ad da na'ura ke tashi, galibi ta danna Delete ko F2, a nemi abin da Intel ke kira PTT, AMD kuma ke kira fTPM, a kunna. Aikin minti biyu ne, kuma ba kowane mai shago ne zai gaya wa mai saye haka ba.

Wanda furosesarsa ta tsufa da gaske kuwa, nasa zancen dabam. A ƙarshen 2023 kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci wajen miliyan 240 na iya zama shara saboda waɗannan sharuɗɗa, kuma ba sai an yi bugun ƙasa ba kafin a san cewa irin wannan kaya in Turai ta yar da shi yakan sami jirgin ruwa zuwa Afirka da sunan araha. Ya kamata mai sayen gwanjo ya tambayi tsarar furosesa kafin ya tambayi farashi. Ganewa ba wuya: i5-6500 'yar tsara ta shida ce, i5-8400 ta takwas, lambar farko bayan ɗan layin tsakiya ita ke faɗa, ko biyun farko daga tsara ta goma zuwa sama.

Hanya uku ke gaban irin wannan mutum. Yana iya zama a kan Windows 10 ba mai gadi, sai dai ya tuna abin da ya faru ran 12 ga Mayu, 2017, lokacin da ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle na'urori a ƙasashe fiye da 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Microsoft ya riga ya fitar da maganin wannan kafa tun watan Maris, waɗanda ba su ɗora ba su abin ya ci. Yana iya bi ta ɓarauniyar hanya: wata 'yar manhaja ta kyauta mai suna Rufus tana shirya Windows 11 ta yadda za ta tsallake binciken sharuɗɗan, amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin aika wa irin wannan na'ura gyare-gyare ba. Ko kuma ya bar gidan gaba ɗaya ya koma Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, wadda ake bayarwa kyauta, ba ta kuma gindaya sharaɗin TPM. Nau'o'inta da suka fi sauƙi ga baƙo su ne Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya ƙaddamar a 2004, da Linux Mint da aka gina a kanta. Ga ɗalibi ko mai shagon buga takardu, Linux za ta ƙara wa tsohuwar na'ura shekaru. Ga mai tace fim wanda abincinsa ke rataye da Premiere ko Photoshop na kamfanin Adobe kuwa, ba mafita ba ce, domin ba a yi waɗannan don Linux ba. Masu kirarin Linux sukan manta su faɗi wannan.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Duk wadda aka zaɓa, rabin aikin kafin a taɓa na'urar ake yin sa. Ana bukatar filashi mai gigabait 8 ko fiye wanda babu abin so a cikinsa, don za a wanke shi tas. Ana sauko da babbar manhajar daga shafin kamfanin da ya yi ta, kuma ta Windows ta haura gigabait 5, abin da duk mai sayen data da guminsa ya san nauyinsa. In akwai tsohon aiki a faifai, a kwashe shi zuwa wani wuri tukuna, domin matakin da ya fi kowane haɗari shi ne inda za a tambayi mutum a wane faifai zai ɗora. Jeri ne na lambobi, faifai na 0, faifai na 1, kuma kuskuren layi guda ya isa ya shafe aikin shekaru: hotunan biki, kundin digiri, littafin bashi. Gogaggun masu haɗi ba sa dogara ga idonsu a nan. Sukan zare wayar kowane faifai su bar wanda za a ɗora wa kaɗai, in an gama su mayar. Faifan da aka ciro daga tsohuwar na'ura kuma yakan zo da tsohon tsarin yanka mai suna MBR, wanda ba ya ganin abin da ya wuce terabait 2, ita kuwa Windows 11 sabon tsari na GPT take so, shi ya sa ɗorawa kan tsaya da ƙorafin da baƙo ba ya gane kansa.

Sai batun wuta, wanda littattafan da aka rubuta a Turai ba su cika ambata ba. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar ɗora Windows, hasarar lokaci ce kurum, a sake daga farko. Amma akwai aikin da ba ya yafe wannan. Wani lokaci madabod yakan girmi furosesar da aka ɗora masa, ba zai gane ta ba sai an sabunta BIOS ɗinsa, watau a goge rubutun da ke cikin wani ɗan guntu a kan allon a rubuta sabo. Aikin 'yan mintoci ne, amma in masu wuta, waɗanda har yau jama'a ke kira NEPA, suka yi halinsu a tsakiya, tsohon rubutu ya tafi sabo bai kammala ba, allon ba zai ƙara ko tari ba. Waɗansu alluna suna da maɓallin ceto a baya, da yawa daga masu araha ba su da shi. Saboda haka ba a yin wannan aiki sai da UPS mai lafiyayyen batir, ba a kan ƙaramin janareta mai numfashi sama-sama ba.

Akwai wani tarko da sabon shiga bai cika tsallakewa ba. Windows 11 takan nace yayin ɗorawa sai an haɗa ta da intanet an shiga da asusun Microsoft. To, sabon madabod yakan zo da na'urar sadarwa wadda Windows ɗin da ke filashi ba ta san ta ba, don haka babu direbanta a ciki. Sai mutum ya tsaya cak: ba zai sami intanet ba sai da direba, ba zai sami direba ba sai da intanet. A da can kowane madabod da faifan CD yake zuwa a kwali, yanzu kuwa akwatunan ma da yawa ba su da bakin sa CD. Maganin abin sauƙi gare shi ga wanda ya yi tanadi. Tun kafin a fara, a je shafin kamfanin da ya ƙera allon, Asus ne ko Gigabyte ko MSI ko ASRock, a rubuta lambar allon daidai harafi da harafi, a sauko da direban sadarwa a ajiye a filashi. Wanda ya manta kuwa wayarsa na iya fid da shi kunya, domin in aka haɗa wayar Android da igiyar USB aka kunna raba intanet, Windows takan gane ta ba tare da neman sabon direba ba.

Ɗan'uwan wannan tarko shi ne ɓacewar faifai. A na'urorin Intel daga tsara ta 11 zuwa sama, siririn faifan nan na zamani mai suna NVMe yakan ƙi bayyana a jeri in wani tsari mai suna VMD yana kunne. Sai mutum ya ɗauka an sayar masa da mataccen kaya, ya koma kasuwa da faɗa. Lafiyar faifan ƙalau. Ko dai a ba Windows direban RST na Intel daga filashi, ko a shiga BIOS a kashe VMD.

TAFINTA A ƘURYAR ƊAKA

Ran farko da Windows ta tashi a sabuwar na'ura, kome yakan fito manya-manya dishi-dishi, wani lokaci babu sauti. Alama ce ta cewa tana lallaɓawa ne da direbobin wucin gadi. In an sami intanet ita da kanta takan ɗebo da yawa daga cikin na gaskiya, amma ba duka ba, ba kuma lalle sababbi ba. Masu sana'ar sukan fara da direban cifset, watau gungun na'urorin da ke tsara zirga-zirga a kan madabod, sa'an nan na katin hoto daga shafin Nvidia ko AMD ko Intel, sa'an nan na sauti da sauran tarkace, suna kashewa suna kunnawa a tsakani domin in wani ya kawo rikici a san ko wane ne.

Wurin da ake ganin wanda ya saura shi ne shafin da Windows ke kira Device Manager. Duk na'urar da ba ta sami tafinta ba za a gan ta da 'yar alama ruwan ɗorawa mai kusurwa uku. Wani lokaci ko suna ba ta da shi, musamman katin gwanjo da takardarsa ta goge. Amma irin waɗannan na'urori suna ɗauke da lambar shaida a cikinsu wadda shafin ke nunawa, mai farawa da VEN sai alamu huɗu. In aka ga 8086, kayan Intel ne. 10DE na Nvidia ne. 1002 na AMD. 10EC na Realtek. Alamu huɗun da ke biye da DEV kuma su ke faɗin ainihin samfurin. Wanda ya san wannan ba ya bukatar manhajojin nan masu alkawarin nemo wa mutum dukan direbobi da dannawa guda, waɗanda da yawansu talla da tarkace suke jibge wa na'ura.

Dalilin yin taka-tsantsan kuwa shi ne matsayin da direba ke da shi. Manhajar rubutu ko ta kallon fim a zaure take zaune, in ta rikice sai a kore ta a ci gaba da aiki. Direbobi da yawa kuwa a ƙuryar ɗaka suke, tare da zuciyar babbar manhaja, suna da ikon taɓa komai. In ɗayansu ya yi tuntuɓe, gidan duka ke faɗuwa, sai a ga shuɗin allon nan da aka daɗe da sani. Bill Gates da kansa ya ɗanɗana wannan a bainar jama'a cikin watan Afrilu na 1998 a bajen koli na COMDEX a birnin Chicago, sa'ad da wani ma'aikacinsa ya jona na'urar ɗaukar hoton takardu domin nuna yadda Windows 98 ke gane sabon kaya da kanta, sai allo ya yi shuɗi, zauren ya kwashe da dariya. Na ran Juma'a 19 ga Yuli, 2024, kuwa ba abin dariya ba ne. Kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya aika da wani ɗan gyara mai kuskure wanda direbansa na ƙuryar ɗaka ke karantawa, kuma bisa ƙiyasin Microsoft na'urori miliyan 8.5 suka durƙushe. Jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya, a wurare da yawa kuma sai da ma'aikata suka bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya da hannu. In kuskuren babban kamfani ya yi wannan ɓarna, mai karatu na iya auna abin da direban da aka tsinto a wani shafi maras asali zai iya yi da gangan. Shi ya sa Windows ta zamani ba ta yarda irin wannan direba ya shiga sai da hatimin da ke shaida wanda ya rubuta shi, kuma duk mai cewa a kashe wannan bincike domin kayansa su hau, to, a yi masa kallon biyu.

Haka zancen yake game da Windows ɗin da ake loda wa mutane a kasuwa a kan 'yan kuɗi kaɗan, wadda aka fasa makullinta. Araha ba ta ado. Cikin watan Yuni na 2023 kamfanin Doctor Web na ƙasar Rasha ya ba da labarin gano waɗansu kwafin Windows 10 na sata da aka ɓoye wa ƙwayar cuta a ɗan yankin faifai da na'ura ke tashi daga gare shi, tana sauya lambar asusun kuɗin intanet ta mai na'ura da ta ɓarayi. Abin takaici shi ne, ainihin manhajar kyauta ake sauko da ita daga shafin Microsoft, lasisi ne kawai ake biya, wanda kuma yake da halattaccen lasisin Windows 10 zai hau 11 da shi ba ƙarin kobo. Abin da mai haɗin gida zai kiyaye shi ne, lasisin yana gane na'ura ne ta madabod ɗinta, don haka ran da aka sake allo Windows za ta ɗauka sabuwar kwamfuta ce, sai in an riga an ɗaure lasisin da asusun mai shi.

WA KE DA TAFINTAN?

Wajen 1980 aka kawo wata sabuwar firinta ta kamfanin Xerox wani ɗakin bincike na jami'ar MIT a Amurka. Takarda takan maƙale a cikinta, mutane su yi ta jira ba su sani ba. Wani ma'aikacin wurin mai suna Richard Stallman ya so ya gyara manhajar firintar ta riƙa sanar da mutane, kamar yadda aka yi wa tsohuwar, amma da ya nemi asalin rubutun manhajar sai aka hana shi. Wannan ɓacin rai yana cikin abubuwan da suka sa ya yi shelar shirin GNU cikin watan Satumba na 1983, domin a gina babbar manhajar da kowa zai iya buɗewa ya gyara, kuma kayan wannan shiri ne daga baya suka haɗu da aikin Torvalds suka zama abin da ake kira Linux a yau.

Labarin ba na Amurka kaɗai ba ne. A shaguna da ofisoshi na ƙasar nan ba a rasa lafiyayyun firintoci da na'urorin ɗaukar hoton takardu da aka ture gefe, ba don sun lalace ba, sai don kamfanin da ya ƙera su ya daina rubuta musu direba. Mutum ya sayi ƙarfe da kuɗinsa, amma tafintan yana hannun wani, ran da aka janye shi ƙarfen ya zama kurma. A Linux yawancin direbobi a cikin zuciyar manhajar suke zuwa, a buɗe, shi ya sa tsohon kaya kan daɗe yana aiki a can. Duk da haka ita ma tana da nata ciwon kai. Waɗansu katunan wayales sai an ƙara musu wani abu da hannu, kuma an daɗe ana kai ruwa rana da Nvidia, har Torvalds ya caccaki kamfanin a gaban jama'a a Jami'ar Aalto a 2012, sai a watan Mayu na 2022 kamfanin ya buɗe wani sashe na direbansa. Abin da ya kyautu a tsarin Linux shi ne ana iya tayar da ita daga filashi ba tare da an taɓa faifai ba. Mutum ya gwada intanet, ya gwada sauti, ya jona firinta ya buga shafi guda, in komai ya amsa sa'an nan ya ɗora.

Saura abu guda da ya shafi mai rubutun Hausa musamman, watau haruffan nan masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda su ke raba baƙi da baki, ƙafa da kafa. A shekarun 1990 babu su a manhajojin rubutu, har Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙirƙiro zanen haruffa na musamman domin cike giɓin. Irin wannan dabara ta yi amfani a zamaninta, sai dai in aka kai takarda kwamfutar da ba ta da zanen, ƙugiyoyin sukan rikiɗe su zama waɗansu alamu. Yanzu tsarin Unicode ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, kuma Windows da Linux duka suna zuwa da tsarin allon rubutu na Hausa, amma ba a kunne ba, sai an shiga saitin harshe an ƙara shi. A Windows, in an kunna, maɓallin Alt na hannun dama haɗe da b ko d ko k shi ke fito da mai ƙugiya, haɗe da y kuma ya ba da ƴ da ake rubutawa a Nijar. Gwajin ƙarshe na sabuwar na'ura shi ne a rubuta layi guda mai ɗauke da haruffan nan a aika wa firinta. In sun fito daidai a allo amma a takarda aka ga 'yan akwatuna a gurbinsu, sau da yawa firintar ce ke musanya zanen haruffan kwamfuta da nata na ciki, kuma a saitin direbanta ake hana ta.